Kakin da Baba Ya Zuba a Daɓen Rulota

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Aji huɗu na yi a makaranta na bari, rubutuna ba kyau, kuma akwai wani wuri a cikin labarin da ba na son tunawa, domin laifina ne. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Amma a ƙauyenmu an mayar da abin na dariya, kowa na ba da shi yadda ya ga dama, kuma duk wanda ya bayar, Babana kaɗai yake ɗora wa laifin. Shi ya sa na ce bari in faɗi yadda aka yi.

Sunana Saveta. Babana Pamfil mai kiwon zuma ne, amya sittin da biyu gare mu a bayan gida, duk na akwatin katako. Kowace shekara idan itacen salkam ya kusa fitar da farin furensa, masu zuman ƙauyenmu su biyar sukan haɗu su ɗauki babbar mota, su kwashi amyoyi zuwa dajin kudu, kusa da kogi. Sati shida ake yi a can, kuma zumar shekara duka a cikin sati shidan nan take. Kowa na jan rulotarsa, ɗan ɗakin nan mai taya biyu. A ciki yake kwana, a ciki yake tuƙa tuwon masara, a ciki yake tace zuma idan ruwan sama ya hana aiki a waje. Tamu ta girme ni nesa. Tun ina shekara goma nake bin Baba dajin a cikinta.

Da hunturun bana Baba ya faɗi a bakin rijiya. Ya tashi da rai, amma hannun dama ya mutu, bakinsa ya karkace, magana sai a hankali. Mama ce ke jinyarsa. Ni kuma na ci gaba da duba amyoyi kamar kullum.

Yayata Smaranda ta zo bikin Ista daga Italiya, inda ta shekara goma sha biyu tana kula da tsofaffin mutane. Ta zo da maganarta a shirye. Ta samo mini aiki wurin wata tsohuwa a garin da take, ta kama mini kujera a bas ɗin Asabar ta sama, kuma akwai wani mutum a ƙauyen gaba da zai sayi amyoyin gaba ɗaya.

“Ke ba ki iya ce wa mutum sannu ba sai kin yi gumi,” ta ce da ni a gaban kowa. “Ke ce za ki zauna daji sati shida da maza huɗu da ƙwari? A cikin me? A cikin waccan gwangwanin?”

Ta fita tsakar gida don ta nuna mana, ta buɗe ƙofar rulota, ta sa ƙafa. Taku biyu ta yi, tsinin takalminta ya huda daɓen, ƙafarta ta shige har idon sawu. Ba ta ma yi fushi ba. Ta zaro ƙafar tana dariya, ta ce, “To, ga amsa.”

Ni kuwa idan na tuna zan zauna a gidan baƙi, cikin yaren da ban sani ba, in riƙa buɗe baki ina magana daga safe har dare, sai in ga ba zan iya ba. Aikin zuma kaɗai na iya, kuma su ƙudan zuma ba sa tambayata komai.

Baba ne ya yanke. Ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin su fito. “A kira Toader. In rulotar ta tashi kafin Asabar ɗin, ya ce ta hau titi, auta ta tafi daji. In ba ta tashi ba, ta bi ki.”

Kwana goma sha biyu ke nan.

Kawu Toader mai walda ne, ya haura sittin, ga tumbi, ga baki. Duk rulotar da ke ƙauyenmu shi ke duba ta, kuma direban babbar mota ba ya yarda wata ta bi ayari sai Toader ya ce to. Ya shigo gidanmu yana waige-waige, ya tsaya nesa da shingen baya.

“Pamfil, ka gaya wa sojojinka su zauna a barikinsu. Ni da zuma sai dai a cokali.” Ya juyo gare ni. “Ke ce ma’aikaciyar? Bebiyar Pamfil? Madalla, yau na samu mai aikin da ba zai mayar mini da magana ba.”

Daɓen rulotarmu abin alfaharin Baba ne. Duk kaka, bayan an gama tatsa, yakan narka ragowar kakin zuma ya zuba a kan katakon, ya bi shi da tsohon dutsen guga har ya shige ko’ina. Cewarsa, amya da kaki ake shafa ta ta shekara ashirin a ruwa ba ta ruɓe ba, to me zai sa daɓe ya bambanta? Daɓen yana ƙyalli rawaya, yana ƙamshi. Wasu cikin abokansa ma sun koya a wurinsa.

Toader ya sa ƙarfe ya ɓamɓare falanki na farko. Saman kamar sabo. Ƙasan kuwa baƙi ƙirin, jiƙe, yana marmashewa a hannu kamar tsohon burodi.

“Ka ga aikinka, malamin kimiyya?” ya ce da Baba, wanda ke zaune a kujera ƙarƙashin itacen tuffa. “Ruwan titi ya shiga ta ƙasa, ya nemi hanyar fita ta sama, ka toshe masa. Shekara talatin kana dafa katako a tukunya mai murfi.”

Baba ya kau da kai.

Ƙarfen da ke ƙarƙashi ya fi muni. Toader ya riƙa bin firam ɗin da guduma. Inda ya yi ƙara, ya wuce. Inda ya yi shiru, ya sa alli. A wajen tayar hagu gudumar ta shige ciki gaba ɗaya, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Sanduna uku na tsakiya sun tafi, wuyan da ake ja ma ya tsage a gefe ɗaya.

“Za ta yi?” Wannan ce maganar farko da na yi masa.

“Au, ashe tana da harshe! Za ta yi, in kin iya goge tsatsa kamar yadda kika iya shiru.”

Bangon rulota ba shi da ƙarfin kansa. Kwano ne siriri a kan ’yan sandunan katako, kuma a bakin daɓe yake zaune. In ka cire daɓen duka, bango sai ya buɗe. Don haka Toader ya ce mu yanke tsakiya mu bar gefe, faɗin tafin hannu zagaye, ya riƙe bangon har mu gama da ƙarfe. Muka kwance notuna, muka zura dogayen katakai biyu ta ƙarƙashi, gaba da baya, muka ɗaga jikin da jak kaɗan-kaɗan. Da aka zo neman abin da za a ɗora katakan a kai, ban ko yi tunani ba. Na je rumbu na kwaso tsofaffin akwatunan amya, na jera uku-uku a kusurwa huɗu. A gidan mai zuma, akwatin amya shi ne kujera, shi ne tebur, shi ne tsani. Toader ya tura ɗaya da ƙafa, ya ga bai motsa ba, ya ɗaga kafaɗa.

Muka turo firam ɗin waje. Kwana shida ina kansa da buroshin ƙarfe, tsatsa a hancina, a haƙorana. Toader ya yanke ruɓaɓɓen, ya ɗinka sabo, ya ƙara wa wuyan faranti biyu. Na shafa jan fenti sau biyu, baƙi sau ɗaya. Smaranda takan leƙo ta taga ta ce, “Ki bar hannun nan haka, tsohuwar za ta ɗauka makaniki na kawo mata.” Ta riga ta fara ninke mini kaya a jaka, ba ta tambaye ni ba.

Ranar Laraba, saura kwana uku, muka mayar da firam ƙarƙashin jikin. Abin da ya rage na walda kunnuwa huɗu ne, ’yan ƙarafan da notunan jiki za su kama. Su ba a yin su a waje, sai jikin yana sama kana ganin inda ramin noti ya faɗo. Toader ya shimfiɗa falanki a kan firam, ya kwanta rigingine, ya zura kansa da ƙirjinsa ƙarƙashin katakon baya. Tsakanin ƙirjinsa da katakon bai fi taƙi ɗaya ba. Ƙafafunsa kuma suna miƙe daf da jerin akwatunan kusurwar hagu.

A satin nan furen itatuwan lambu ya kaɗe, salkam bai buɗe ba. Babu abin ci a ko’ina. Duk mai zuma ya san irin wannan lokacin. Ko cokalin zuma ba ka bari a waje, domin ƙuda ɗaya in ya gano, zai koma ya kira dubu, kuma in wawaso ya fara ba sa sanin na gida da na waje. Na san wannan tun ina ƙarama. Amma kwana tara ina kallon rulotar a matsayin ƙarfe da tsatsa, na manta abin da ke cikin gefen daɓen da muka bari.

Wajen ƙarfe sha ɗaya rana ta yi zafi. Toader ya gama kunne na farko, ya gama na biyu. Zafin walda ya hau katakon gefe, kakin shekara talatin ya fara narkewa, tare da duk zumar da ta taɓa zubewa a wurin. Yana ɗiga a kan ƙarfe mai zafi yana hayaƙi. Ƙamshin ya cika gidan.

Na ga ƙuda uku suna shawagi a bakin ƙofar rulota. Na ga goma. Na san abin da ake ciki, wallahi na sani. Na buɗe baki in ce Kawu tsaya, sai na ga tartsatsi na tashi, yana tsakiyar ɗinki, kuma jiya ya ce ba ya son a katse shi. Na ce bari ya kai ƙarshen layin. Ya kai, bai ɗaga kai ba, ya kama wani. Na sake cewa bari ya gama wannan. Wurin da na ce ba na son tunawa ke nan. Na tsaya riƙe da guduma, kunya ta hana ni yi wa babba magana.

Kafin ya gama na huɗu, sama ta yi duhu daga shingen baya zuwa rulota. Sun lulluɓe gefen daɓen, sun cika tsofaffin akwatunan da ke riƙe da jikin, suna sauka a kan wandon Toader da tumbinsa. Shi bai sani ba. Baƙin gilashi ne a fuskarsa, injin kuma na ruri a kunnensa. Baba ya fara buga sandarsa a ƙasa yana kiran wani abu da bai fito ba. Mama ta tafi gari sayen maganinsa.

Har a lokacin ba su yi fushi ba, yunwa ce kawai. Da na zare wayar injin a hankali na yi masa magana, da ya zame ya fito lafiya. Ina takawa zuwa wurin wayar sai Smaranda ta fito daga kicin da tiren kofi, ta sha turare.

“Wayyo Allah! Saveta! Mene ne wannan?”

“Yaya, kar ki motsa.”

Ta saki tiren. Ta fizgo tawul daga kafaɗarta ta shiga kaɗawa. Ɗaya ya harbe ta a wuya, ta kurma ihu, ta murƙushe shi. Daga nan muryarsu ta canza. Wanda bai yi kiwon zuma ba ba zai gane ba, amma ƙarar takan tashi sama, ta yi kaifi.

Na zare wayar. Injin ya mutu. Toader ya ɗaga gilashin yana cewa, “Wane ɗan banzan ne ya...” Bai ƙarasa ba. Ɗaya ya shige masa ƙarƙashin ido.

Ya yi ƙara, ya harba ƙafa. Takalminsa ya sami akwatin tsakiya. Na ji katako ya ce ƙas, jerin ya karkata, akwatin sama ya tsage a kusurwa, jikin rulota duka ya yi kuka ya sunkuyo ta hagu. Katakon baya ya sauko ya zauna a kan ƙirjin Toader. Bai danne shi duka ba, rabin akwatin da ya tsage yana riƙe da sauran nauyin. Ina kallon tsagar tana buɗewa.

“Kawu, kar ka motsa ƙafa! Kar ka motsa!”

Ban san muryata ta kai haka ba.

“Suna cina, ’yar nan! Ciro ni!”

“In ka sake harbawa ɗakin zai faɗo maka. Rufe ido. Rufe baki, ka yi numfashi ta hanci, kar ka hura musu.”

Na cire ɗankwalina na tsoma a bokitin da yake sanyaya ƙarfe, na durƙusa na zura hannu na rufe masa fuska da wuya. Suka hau gashina. Na ji harbi a kunne, a tsakiyar kai, a bayan hannu, na daina ƙirgawa. Jak ɗin yana can gaba. Na jawo shi, na kafa ƙarƙashin katakon, na fara bugawa, sai gindinsa ya nutse a ƙasa, domin nan muke zubar da ruwan wanki.

“Yaya! Tiyo! Buɗe famfo ki ɗaga bakin sama, ya sauko kamar ruwan sama!”

“Ba zan iya ba, suna cikin rigata!”

“Ki buɗe, na ce!”

Ban taɓa yi mata tsawa ba tun da aka haife ni. Ta ruga. Na sauke jak, na fizgo murfin amya na sa a ƙarƙashinsa, na sake kafawa. Toader na nishi, numfashinsa gajere-gajere.

“Kawu, kana jina? Ƙirga da ni. Duk bugu ɗaya, ƙirga.”

“Ɗaya,” ya ce daga ƙarƙashin ɗankwalin. “Uwar Ubangiji, ki taimake ni. Biyu. In na fita sai na ƙone gidan nan. Uku.”

“Ka ƙone, amma kar ka motsa ƙafa.”

Ruwa ya fara sauko mana. Smaranda na tsaye tsakiyar gida, tana kuka tana zagin zuma da ƙauyen da ranar da ta dawo, amma ba ta saki tiyon ba. Ƙudan da ya jiƙe ba ya tashi. Suka fara faɗuwa, ƙarar ta ragu.

A bugu na goma sha ɗaya jak ya karɓi nauyi. A na goma sha biyar na ga haske tsakanin katakon da rigarsa. A daidai nan akwatin da ya tsage ya wargaje ya zube, jikin ya girgiza, ya tsaya a kan jak kaɗai.

“Yanzu zan ja ka. Kar ka taimake ni, ka saki jiki kawai.”

Na kama takalmansa biyu na ja. Mutumin ya yi nauyin amya uku cike da zuma. Falankin ya taimaka, ya zamo a kai har ya faɗo cikin taɓo. Ya tashi da rarrafe, ya bi ta ƙofar gida da gudu, ɗankwalina a kansa, bai waiwayo ba.

Na tura kututture biyu ƙarƙashin katakon. Na jiƙa duk zanen gadon da ke kan igiya na lulluɓe rulotar. Sannan na shigar da Baba ɗaki, harbi biyu a goshinsa. Wawason bai tsaya a nan ba. Da suka rasa kakin sai suka afka wa amyoyi masu rauni. Na yini ina rage ƙofofi da jiƙaƙƙiyar ciyawa, duk da haka biyu suka tafi, an kashe sarauniyoyin, an kwashe komai.

Da yamma, da suka lafa, na ɗaga zane na shiga. Na ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, na sake ja ta ɗaya ɓangaren. Bambancin yatsa huɗu. Jikin ya murɗe, ƙofa ta ƙi shiga gurbinta.

Smaranda na zaune a dakali tana danna albasa a wuyanta. “Ya isa haka,” ta ce, ba da faɗa ba. “Kin kusa kashe mutum. Toader ba zai sake taka gidan nan ba, kuma ba shi, ba daji. Ki je ki gwada takalman da na kawo miki.”

Baba ya kira ni daga ɗaki. Ya kama hannuna da na hagunsa, ya dubi kumburin. “Kakina ne,” ya ce.

“Na gan su tun suna uku, Baba. Ban yi magana ba.”

Ya saki hannuna. Bai ce mini “ba komai” ba, bai kuma yi faɗa ba.

Gidan Toader yana bayan coci. Sau uku ina wuce ƙofar kafin in ƙwanƙwasa. Na same shi a kan benci, ido ɗaya a rufe ruf, leɓensa kamar tsiran alade, ƙirjinsa ɗaure da tsumma, ga ɗan kofin barasar gida a gefe.

“Kin zo ki ƙarasa ni?”

“Kawu, na ga ƙudan tun da wuri. Na ji nauyin katse ka. Laifina ne.”

“Nauyi! Ni na ji nauyi, ’yar nan, a nan.” Ya nuna ƙirjinsa, ya yi dariya, dariyar ta sa shi tari. “To me kike so?”

“Kunne ɗaya ya rage.”

“Ko na zinariya ne ba zan shiga ƙarƙashin abin can ba.”

Na faɗi abin da na shirya a hanya, da sauri don kar ya gudu daga bakina. Zan toshe ƙofar kowace amya da raga kafin gari ya waye. Zan kafa sanduna a ciki su riƙe bango, in yanke gefen kakin duka in binne. Ba akwati, kututture zan sa. Amma rana na kai wa amyoyin ƙarfe goma, in ban buɗe su a lokacin ba zafi zai kashe su a ciki.

“Wato daga asuba zuwa goma, in yi walda, in miƙe ɗakin da kuka murɗe.” Ya dube ni da ido ɗayan. “In na ga ƙuda ɗaya, ko na shara ne, na tafi.”

“To.”

“Kuma in kin ga wani abu, ki buɗe bakin nan. Na ji shi yau, yana aiki.”

Ya zo da sanyin asuba, sanye da hular ragar Baba a kan hular walda, ya ɗaure bakin wandonsa da waya. Na riga na toshe sittin ɗin, na kafa sanduna huɗu a gicciye, zarto na hannuna. Gefen kakin ya fi yadda na zata taurin kai, yana liƙe wa haƙoran zarto, sai na tsoma shi a ruwan zafi. Ƙarfe takwas ta yi kafin in fitar da guntu na ƙarshe. Kunnen bai ci minti goma ba. Miƙe jikin ne ya ci mu. Muka ɗaura igiyar ɗaure amya daga kusurwar da ta yi tsawo, ina ja, yana awo. Yatsa uku. Biyu. Wani abu ya ce ƙas a saman taga, muka tsaya, muka saurara, muka ci gaba. Daga bayan gida ina jin amyoyin suna ruri, ƙarar na ƙaruwa. Rana ta taɓa layin farko.

“Kawu, goma saura kwata.”

“Yatsa ɗaya ya rage.”

“Ba zan jira ba. Ka shiga kicin ka rufe ƙofa.”

“Ji mini yarinya, jiya bebiya, yau shugabar ma’aikata!” Amma ya buga ƙusa biyu ya riƙe inda muka kai, ya kwashi tumbinsa ya shige. Na bi layi ina zare raga. Suka fito kamar hayaƙi, suka zagaya inda rulota take, ba su sami komai ba. A amya ɗaya na tarar da matattu cike da tafin hannu biyu a bakin ƙofa. Sauran lafiya.

Yatsa ɗayan nan bai taɓa gyaruwa ba. Har yau sai ka ɗaga ƙofar kaɗan kafin ta rufu.

Ranar Alhamis ɗin da Jumma’a muka yi daɓe. Katako mai kauri, baƙin fenti ta ƙasa, saman kuwa Toader ya ce mai kawai za a shafa, wanda zai bar shi ya sha iska. Muka zura shi ƙarƙashin bango gida biyu, muka sauke jikin, notuna goma sha shida, ina ciki ina riƙewa, yana ƙasa yana ɗaurewa. Da la’asar ɗin Jumma’a ya ɗaura ta a motarsa, ya ja ta zuwa gada ya dawo ta hanyar gona mai ramuka. Ya shiga ƙarƙashi da guduma. Ya fito ya hau ciki, ya yi tsalle uku da duk nauyinsa, yana riƙe da haƙarƙari.

Mama da Smaranda na bakin ƙofa. Baba na kujerarsa.

“Pamfil,” Toader ya ce, “ta hau titi. Amma in na ji ka matso kusa da daɓen nan da dutsen guga, da kaina zan kai ka wurin ’yan sanda.”

Baba ya yi dariya da rabin bakinsa, ya dubi Smaranda. Ita ta dubi hannuwana, waɗanda har lokacin ba sa dunƙuluwa.

“Za ki tsufa a daji, ba miji, ba fansho,” ta ce. “Kar ki kira ni kina kuka in sanyi ya zo.” Ta shiga ɗaki. Can na ji tana juye kayana daga jaka zuwa kan gado.

Washegari da safe na ɗauki akwatinta a kafaɗa na raka ta bakin titi. Da bas ya tsaya ta cusa mini wayarta ta biyu a aljihu, ta ce in riƙa kunna ta ko da ranar Lahadi ce kawai. Na tsaya har ya sha kwana. Sannan na dawo gida, na ɗauko igiyoyi daga rumbu, na fara ɗaure amyoyi daga layin da ke kusa da shinge, domin direba ya aiko cewa ranar Talata za a yi lodi.